Malam Aminu Kano: ɗan Sudawa da bai yarda shiru zaman lafiya ba ne

Yawancinmu sunan filin jirgi da asibitin koyarwa muka sani, ba mutumin ba. An haifi Malam Aminu Kano a 1920 a unguwar Sudawa, cikin badala, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi, ya je Landan ƙaro ilimi a 1946. Yana da hanyar zama babban ma'aikacin En'e, ya ci ya sha. Sai ya ajiye koyarwa a 1950 ya shiga NEPU, ya zama shugabanta a 1953.

A lokacin, wanda ya kalli Kano daga nesa zai ce lafiya lau ake. Ba yaƙi. Amma talaka na biyan haraji da jangali, ana sa shi aikin tilas, in ya ɗaga murya sai kotun alƙali da gidan yari. Malam ya ƙi kiran wannan zaman lafiya. Sai a 1969 masanin ƙasar Norway, Johan Galtung, ya shahara da bayanin cewa tsarin mulki kansa na iya cutar da mutane ba tare da an zare wuƙa ba. Yau masu nazarin rikici da tsaro sun karkata ga sauraron mutanen unguwa da ƙauye, abin da 'yan NEPU suka yi a ƙafa da keke.

An daki magoya bayansa, an ɗaure da yawa, shi kuwa ya tsaya kan lacca da ƙuri'a. Amma kada mu mai da shi waliyyi. PRP da ya kafa a 1978 ta ci Kano da Kaduna a 1979, sannan ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, gaba ta yi tsanani. A wannan yanayi aka yi tarzomar Yulin 1981, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara. Mu 'yan aikin jarida, wannan na taɓa mu, don shi ma ɗan jarida ne.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Gwammaja, Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, kuma nan kabarinsa yake. Daga Ƙofar Mazugal ba nisa, ko a adaidaita sahu.