Otto von Guericke, Magajin Garin da Ya Zuƙe Iska

Idan ka taɓa tsayawa a Wuse ko Kubwa cikin zafin watan Maris kana kallon mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wataƙila ka ga ya haɗa wani ɗan famfo da bututun na'urar kafin ya ɗura mata gas. Wani makanikin ma da injin tsohon firiji yake haɗa nasa famfon. Iska da laima yake zuƙewa, domin idan suka zauna a cikin bututu, na'urar ba za ta yi sanyi sosai ba, kuma injinta zai lalace da wuri. Mutumin da ya fara ƙera irin wannan famfo shi ma a gida ya haɗa nasa, fiye da shekara 370 da suka wuce.

Sunansa Otto von Guericke. An haife shi a shekarar 1602 a birnin Magdeburg na ƙasar Jamus. Ya karanci shari'a, sannan ya tafi Leiden ya koyi lissafi da aikin injiniya. A 1631, lokacin Yaƙin Shekara Talatin, mayaƙa suka ci Magdeburg suka ƙone ta, mutane kusan dubu 20 suka halaka. Guericke ya tsira da ransa, amma dukiyarsa ta salwanta. Da ƙura ta lafa ya koma ya sa hannu a sake gina birnin, har ya zama magajin gari a 1646, ya yi kusan shekara 30 a kan muƙamin.

Duk da nauyin mulki, akwai tambayar da ta hana shi sakat. Tun zamanin Aristotle na Girka, yawancin masana sun ɗauka ba zai yiwu a sami wurin da babu komai a cikinsa ba, ko da iska. Guericke bai tsaya gardama ba, gwadawa ya yi. Ya cika gangar katako da ruwa, ya toshe ta, ya sa aka janye ruwan da famfon kashe gobara. Sai iska ta riƙa kutsawa ta jikin katakon. Ya koma ga tulun jan ƙarfe. Ana cikin zuƙe iskar, tulun ya lotse da ƙara mai firgitarwa, kamar an taka shi. A nan ya gane cewa iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, tana danna komai. Dubi farcen yatsanka: nauyin da take ɗora masa ya kai kusan kilo ɗaya. Wajen 1650 ya kammala famfon da ke aiki, a 1654 kuma ya nuna shi a Regensburg gaban Sarki Ferdinand na Uku.

Gwajin da ya fi ba shi suna ya zo bayan haka. Ka ƙaddara ƙwarya biyu na jan ƙarfe, faɗinsu kusan rabin mita, an kifa ɗaya a kan ɗaya. Babu ƙusa, babu igiya. Da ya zuƙe iskar da ke ciki, aka ɗaura dawaki takwas a kowane gefe, suka yi ta ja da ƙyar ba su raba su ba. Da aka buɗe 'yar ƙofar iska kuwa, sai suka rabu cikin sauƙi. Ya kuma nuna cewa kyandir yana mutuwa inda babu iska, ƙararrawa kuma ba a jin kukanta.

Labarin famfon ya isa Ingila, inda Robert Boyle da Robert Hooke suka ƙera wanda ya fi shi inganci. Guericke ya buga littafin gwaje-gwajensa a Amsterdam a 1672. Da tsufa ya kama shi ya koma Hamburg wurin ɗansa, a can ya rasu a 1686. Jami'ar Magdeburg tana ɗauke da sunansa har yau.