Anselme, malamin da ya ɗauki zunubi bashi

An haifi Anselme wajajen 1033 a Aoste, arewacin Italiya ta yau. Saɓani da mahaifinsa ya raba shi da gida, har ya shiga gidan ibada na Bec a Normandi. A 1093 aka naɗa shi babban limamin cocin Kantabari a Ingila, ba da son ransa ba. Rigima da sarki kan ikon coci ta sa shi gudun hijira zuwa Italiya, inda a 1098 ya kammala littafinsa Cur Deus Homo, wato dalilin da Allah ya zama mutum.

Kafin shi, malaman Kirista da dama na cewa mutuwar Yesu fansa ce da aka biya Shaiɗan. Anselme ya ƙi wannan. A ganinsa, ɗan Adam ne ya ci bashin, shi ya kamata ya biya, amma diyyar ta fi ƙarfinsa, sai Allah. Saboda haka mai biya dole ya zama Allah kuma mutum, ya ba da ransa da yardarsa. Hujjar tana da ƙamshin kotu, gaskiya, kuma Abélard ya fi ganin gicciye a matsayin nunin ƙauna. Musulunci kuwa bai yarda an gicciye Annabi Isa ba.

Anselme ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 1109, a Kantabari.