ANAS ƊAN MALIK (R.A): YARON DA YA SO KABEWA HAR TSUFANSA



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta turo min saƙo tana kuka da ɗanta mai shekara shida. Duk miyar da ya ga ganye a ciki ba zai taɓa ta ba. Alayyafo, zogale, rama, kabewa, duk sai ya tsince ya ture gefe. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta kai ga bulala da ɗura, abin sai ƙara gaba yake yi. Tana neman addu'ar da za ta tofa masa. Ina karanta saƙon sai wani sahabi ya faɗo min a rai, wanda tarihinsa ya ƙunshi amsar tambayarta: Anas ɗan Malik, hadimin Manzon Allah (S.A.W).

Anas Ba'ansare ne, daga Banun Najjar na ƙabilar Khazraj. An haife shi a Madina shekara 10 kafin Hijira. Mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta musulunta da wuri, mahaifinsa Malik kuwa bai karɓi Musulunci ba, ya tafi Sham ya mutu a can. Daga baya Abu Ɗalha ya nemi aurenta, ta sanya musuluntarsa ta zama sadakinta. A wannan gida Anas ya tashi.

Da Annabi (S.A.W) ya iso Madina, Ummu Sulaim ta kamo hannun ɗanta yana ɗan shekara 10. Ta raba mayafinta biyu, ta ɗaura masa rabi, ta yafa masa rabi, ta kai shi ya zama ɗan aiken Annabi, ta kuma roƙi a yi masa addu'a. Annabi (S.A.W) ya roƙa masa yawan dukiya da 'ya'ya da albarka a cikin abin da aka ba shi.

Shekara 10 ya yi yana hidima. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a duk tsawon wannan lokaci Annabi bai taɓa yi masa tsaki ba, bai taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko wanda ya bari ba. Kada fa ku ɗauka Anas ba ya ƙuruciya. Imamu Muslim ya ruwaito ranar da aka aike shi ya ce ba zai je ba, alhali a ransa yana da niyyar zuwa. Ya fita, ya tarar da yara suna wasa a kasuwa, ya tsaya. Bai ankara ba sai ya ji an riƙo ƙeyarsa. Yana waiwayowa ya ga Annabi (S.A.W) yana dariya, yana kiransa da ɗan sunan lele, Unais, yana tambayarsa ko ya je aiken. Iyakar abin da ya faru ke nan.

To, ga inda nake so mu tsaya. Wata rana wani tela ya gayyaci Annabi (S.A.W) cin abinci, Anas ya raka shi. Aka kawo gurasar sha'ir da romo mai busasshen nama da wani abu da Larabawa ke kira dubba'u, dangin duma da kabewa, wanda malamanmu suka saba fassarawa da kabewa. Yaron yana zaune yana kallo, sai ya ga Annabi yana bin gefen akushi yana tsinto kabewar yana ci cikin jin daɗi. A ruwayar Muslim, da Anas ya lura da haka sai ya riƙa tura masa ita gabansa, shi ya haƙura. Daga wannan rana son kabewa ya shiga zuciyarsa bai sake fita ba. Ɗalibinsa Sabitul Bunani ya ji daga bakinsa cewa bayan nan duk abincin da za a yi masa, in dai akwai halin sa kabewa, sai an sa. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim.

Jama'a, ku duba da kyau. Ba a umarci Anas ya ci ba. Ba a yi masa huɗuba a kan amfaninta ba, ba a yi masa alkawarin alewa ba, ba a nuna masa bulala ba. Ya ga wanda yake ƙauna yana ci da sha'awa, a kwano ɗaya da shi, shi ke nan. Tirmizi ma ya kawo cewa alkunyarsa, Abu Hamza, Annabi ne ya sa masa saboda wani ganye da yake yawan tsinka, kodayake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa.

Haka koyarwar gidan take gaba ɗaya. Annabi (S.A.W) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An kawo masa naman damo ya janye hannunsa saboda ba abincin ƙasarsu ba ne, Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa bai hana shi ba. Ashe ƙin wani abinci ɗabi'a ce ta ɗan Adam, ba laifin da za a daki yaro a kansa ba ne.

Bayan wafatin Annabi, Sayyidina Abubakar ya tura Anas Bahrain aikin zakka. Daga baya ya koma Basra da zama yana karantar da mutane, irin su Hasanul Basari da Ibnu Sirin da Ƙatada da Zuhuri suka ɗauki ilimi a wurinsa. An ƙirga masa hadisai 2,286, shi ne na uku a yawan ruwaya bayan Abu Huraira da Ibnu Umar. Addu'ar nan kuwa ta kama shi: gonarsa sau biyu take 'ya'ya a shekara, kuma 'yarsa Umaina ta shaida masa cewa kafin zuwan Hajjaju Basra an binne sama da mutum 120 daga tsatsonsa. Ya sha wulaƙancin Hajjaju, har ya kai kuka ga Halifa Abdulmalik, shi kuma ya tsawata wa Hajjaju. Da tsufa ya hana shi azumi, sai ya riƙa ciyar da miskinai gurasa da nama. Ya rasu wajen shekara ta 93 bayan Hijira yana da fiye da shekara 100, shi ne sahabi na ƙarshe da ya rasu a Basra. Allah Ya ƙara masa yarda.

Yanzu mu dawo gidajenmu. Ya kai uba, yaushe rabon da ɗanka ya gan ka kana cin kwaɗon zogale ko miyar taushe kana santi? Da yawanmu a waje muke cin tsire da lemon kwalba, in mun shigo gida muka tarar da miyar ganye sai mu yamutsa fuska, mu kushe girkin uwar a gaban yara. Gobe yaron ya ture kwano, mu ce ya fiye tsirfa. Ai a wurinka ya koya.

Shawarata ga 'yar uwar nan da sauran iyaye: ku zauna ku ci tare da yara a kwano ɗaya, su ga kuna jin daɗin abin da kuke so su ci. A sa masa kaɗan, in ya ƙi a ƙyale shi, jibi a sake kawowa ta wata siga, ko a fate ko a dambu. A bar shi ya taya tsinke alayyafo ko zuba wa zogalen tsakar gida ruwa. A rage masa kayan zaƙi dab da lokacin cin abinci. Duka da ɗura kuwa a ajiye su, don ƙiyayyar abincin suke dasawa, ɗura kuma tana iya sa yaro ya shaƙe. Idan kuka ga yana ramewa ko ya daina cin komai, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Addu'a kuma ba a barinta, ita ce abin da Ummu Sulaim ta fara nema wa ɗanta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su lafiya, Ya sa mu zama abin koyi nagari a gare su. Wallahu a'alam.