André Citroën: ɗan baƙi da ya sauya ƙirar mota, ya mutu ba shi da kamfaninsa

Gbaka da woro-woro da taksi masu kanta da ke cika titunan Adjamé da Treichville, yawancinmu ba mu damu da wanda ya fara tsara irinsu ba. Yau ina so in ba ku tarihin mutum ɗaya da hannunsa ke cikin ƙirar kusan duk ƙaramar motar da muke shiga, André Citroën.

An haife shi a Paris ranar 5 ga Fabrairu 1878. Iyayensa Yahudawa ne baƙi a Faransa: uban ɗan kasuwar lu'ulu'u daga Holan, uwar kuma daga Polan. Yana da shekara 6 uban ya kashe kansa bayan kasuwa ta karye masa. Abin da ya ɗaga maraya kuma ɗan baƙi shi ne karatu, don ya shiga babbar makarantar injiniyoyi ta Polytechnique ya fito a 1900. Wannan wurin nakan tsaya a kai idan ina magana da iyayen yaran da ake cirewa daga makaranta a kai su rumfar kasuwa.

A Polan ya ga wani irin giya mai haƙora kamar kan kibiya, ya sayi haƙƙin ƙera shi. Alamar nan mai kusurwa biyu a gaban motocin Citroën daga nan ta samo asali. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya gina masana'antar harsasan igwa a Javel, cikin Paris. Da yaƙi ya ƙare sai ya mayar da ita ta motoci, ya ɗauki tsarin Henry Ford na Amurka, ya fitar da Type A a 1919.

Mutum ne da ya san talla. Daga 1925 zuwa 1934 sunansa na haskawa da fitilu a jikin hasumiyar Eiffel. Ya kuma tura ayarin motoci 8 suka taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a Oktoban 1924, suka ratsa Sahara, suka bi ta Yamai da Damagaram har tafkin Cadi, tafiyar ta ƙare a Madagaska a 1925. Wato kakannin wasunmu sun ga motocinsa da idonsu.

Babban aikinsa shi ne Traction Avant ta 1934. Tayoyin gaba ne ke jan ta, kuma jikinta da ƙashinta a haɗe suke, ba a ɗora gida a kan firam ba. Shi ya sa ta yi ƙasa-ƙasa, ta riƙe hanya a kwana. An ci gaba da ƙera ta har 1957, kuma ta zama motar manya da jami'an gwamnati.

To, a ajiye ta kusa da Corolla ta yau mana. Traction na da giya 3, ba na'urar sanyaya ciki, ba bel, ba jakar iska idan an yi karo, ga sitiyari mai nauyi. Corolla ta fi ta gudu da ƙarancin shan mai, birkinta ya fi kamawa, kuma kayan gyaranta na nan a hannun kowane makanike a Adjamé. A kwarjini tsohuwar ta fi, amma idan za ka ɗauki iyali zuwa Bouaké, ai sabuwar za ka zaɓa. Abin lura shi ne ita Corollar ma yau da tayoyin gaba take ja, jikinta kuma a haɗe yake, tsarin da Citroën ya yaɗa tun 1934.

Sai dai shi bai ci moriyarta ba. Ya kashe kuɗi wajen sabunta masana'anta da bashi, kasuwa ta faɗi a duniya, ga shi kuma an san shi da caca. A Disamban 1934 kamfanin ya karye, Michelin mai yin taya, wanda ya fi kowa bin sa bashi, ya karɓe shi. Citroën ya mutu da ciwon daji na ciki ranar 3 ga Yuli 1935, yana da shekara 57. Bai ga 2CV ta 1948 ba, bai ga DS ta 1955 ba, bai kuma ga Baby-Brousse ba, wadda aka fara haɗawa a nan Abijan a 1963 da injin Citroën.

Tun da gwamnati ta hana shigo da ƙananan motocin da suka wuce shekara 5 a 2018, farashi ya tashi, kuma ina ganin 'yan uwa da dama na cin bashin da ya fi ƙarfinsu don a gan su da babbar mota ranar biki. Wanda ya rubuta sunansa a hasumiyar Eiffel ma bashi ya raba shi da kamfaninsa. Kafin ka sa hannu a takardar banki, ɗan uwa, ka fara cire kuɗin makarantar yara da na haya, abin da ya rage shi ne motarka.