Likita Dalziel: Baturen da ya tattara sunayen tsirrai da Hausa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai garin kuka ko tsamiya Sabha, ko ya sauke su a unguwar Gurda, ya san wahalar suna. Abu ɗaya ne, amma Bahaushe da sunansa, Balarabe da nasa, Batubbe ma da nasa. In kuwa sassaƙen magani ne, kuskuren suna na iya jawo asarar kuɗi, ko ma ta rai. Wannan matsala ce Likita John McEwen Dalziel ya shafe shekaru yana warwarewa.

An haife shi a Nagpur ta ƙasar Indiya a shekarar 1872, amma asalinsa ɗan Sikotlan ne. Ya karanci aikin likita a Jami'ar Edinbura, ya yi aiki a ƙasar Sin, sannan a 1905 ya shiga aikin likita na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma. A Arewacin Nijeriya ya tsinci tsirrai a yankunan Katagum, Sakkwato, Kontagora da Yola. Yakan busar da ganye, fure da iri, ya rubuta sunan da mutanen wurin ke kiran tsiron da amfaninsa, sannan ya aika lambun bincike na Kew da ke Landan.

A 1916 ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary, ƙamus mai haɗa sunan Hausa da sunan kimiyya wanda duniya ta yarda da shi. Da wannan, mai bincike a ko'ina zai gane cewa gawo shi ne itacen nan da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa ba ya tare wa gero rana. Kuka kuwa ita ce mai ɓoye ruwa a jikinta don jure fari.

Bayan ya bar aikin likita ya koma Kew, inda shi da John Hutchinson suka wallafa kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. A 1937 ya fitar da littafinsa kan amfanin tsirran yankin, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa daga 1985. Itacen hano, wato ararraɓi, sunan Dalziel yake ɗauke da shi a kimiyyance: Boswellia dalzielii.

Ya mutu a 1948. Sai dai mai karatu ya lura, ilimin nan na manoma ne da masu magani da 'yan koli waɗanda ya yi wa tambayoyi. Shi dai rubutawa ya yi. Har yanzu akwai dattawa a kasuwanninmu masu irin wannan sani, kuma duk wanda ya rasu ba a rubuta nasa ba, da shi ya tafi.