Tarihin Marigayi Alhaji Abubakar Imam Kagara, Editan Farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo

 Wannan taƙaitaccen tarihi ne na marigayi Alhaji Abubakar Imam, mutumin da aka fara danƙa wa alƙalamin jarida da harshen Hausa a ƙasar Arewa, da bayanin abin da alƙalamin nan ya aikata a zukatan jama'a.

Ka sani, ya mai karatu, a zamanin dā labari a ƙafa yake tafiya. Mutumin Maska ko Bakori ko Malumfashi ba ya jin abin da ya auku a Kano ko Sakkwato sai fatake sun sauka a zango, ko almajirai sun komo daga gabas, ko kuwa hakimi ya sami takarda daga Katsina ya sa an yi shela ran kasuwa. Kafin labari ya iso ya riga ya bi ta bakuna goma, kowane baki kuwa ya ƙara masa gishiri. Da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta nufi Gusau da Ƙaurar Namoda, aka kuma kafa injunan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, sai abincin manomi da ribar ɗan kasuwa suka rataya ga abin da ake yankewa a Ikko da Ingila. Daga nan jin labari na gaskiya ya zama bukata, kamar gishiri da kananzir. A cikin wannan zamani ne Allah ya fito da Abubakar Imam.

An haife shi a garin Kagara, wanda ke cikin Jihar Neja a yau, a shekarar 1911, daidai da 1329 ta Hijira. Gidansu gidan malanta ne da alƙalanci, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne. A gida ya fara karatun allo kamar kowane ɗan Musulmi. Sa'an nan aka kai shi Katsina wurin wansa, Malam Bello Kagara, wanda ke koyarwa a can, wanda kuma daga baya ya zama Walin Katsina. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya shiga makarantar boko, ya wuce Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Saboda haka ko da yake ba a ƙasar Katsina aka yanke cibiyarsa ba, a nan ya yi wayo, a nan ya haɗa Larabci da Turanci a kan Hausarsa.

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Abubakar Imam yana ɗan shekara ashirin da biyu ya shiga da littafinsa Ruwan Bagaja. Wansa ya shiga da Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar, Malam Muhammadu Gwarzo da Idon Matambayi. Dokta East ya ga irin zaƙin Hausar saurayin nan, sai ya roƙi a ba shi aronsa. A 1936 ya tafi Zariya ya zauna 'yan watanni, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, inda ya ɗebo hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turawa ya sa musu riga da rawani irin na Hausawa, ya sa su a bakin aku. Duk wanda ya karanta ya san cewa akun nan da magana kaɗai ya tsare ɗan sarki daga halaka. Ashe marubucin da kansa aikin da ke jiransa ke nan.

Dalilin kafa jaridar kuwa shi ne, a shekarar 1938 wata jita-jita ta cika ƙasa, wai Ingilishi za su miƙa Nijeriya ga Jamus don su lallashi Hitila, wanda ke neman a mayar masa da ƙasashen da aka ƙwace wa Jamus bayan yaƙin 1914, irin su Kamaru da Togo. Ga kuma jaridun Ikko na Turanci, musamman West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe wadda ta fara fita a 1937, suna hawowa Arewa a jirgi, akawuna suna karantawa suna fassara wa mutane yadda suka ga dama. Gwamnati tana da wata takardar labarai tun 1932, amma sai bayan watanni take fita, ba ta kuwa wuce ofisoshin En'e. Hukuma ta ga in ba ta yi wa talakawa magana da harshensu ba, wani zai yi musu. Sai a watan Janairu na 1939, daidai da 1357 ta Hijira, aka fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, kuɗinta kwabo ɗaya, aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina aka naɗa shi editan Hausa.

Ba a yi wata tara ba yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Nan jaridar ta sami kasuwa, domin an ɗebi samarin Arewa soja, an kai waɗansu Habasha, waɗansu Bama, iyaye kuwa suna son su ji inda 'ya'yansu suke. Masu karatun boko a lokacin kaɗan ne ƙwarai, amma wannan bai hana ta aiki ba. Kwafi ɗaya zai shiga gari, malamin makaranta ko malamin haraji ya zauna a zaure ko a gindin durumi ya karanta da ƙarfi, dattawa da 'yan kasuwa suna saurare, gobe kuma kowa ya kai abin da ya ji rumfarsa. Da aka lura cewa malamai da almajirai da fatake, waɗanda su ne masu karatu na asali a ƙasar nan, an bar su a baya, sai aka riƙa buga wata 'yar takarda da ajami ana kiranta 'Yar Gaskiya. Wannan shaida ce cewa Turawa da kansu sun gane ba a isa ga zuciyar ƙasar Hausa sai an bi ta hannun masu tawada da alƙalamin kara.

Abu uku jaridar nan ta aikata a hannun Abubakar Imam, waɗanda ya kamata mai hankali ya tsaya ya duba.

Na farko, ta buɗe ƙofar wasiƙu. A dā talaka ba shi da inda zai kai kuka sai wurin dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, in an ga dama a kai gaba. Da jarida ta zo, sai ga malamin ƙauye ya rubuta takarda a kan cin hanci, ko tsadar aure, ko halin asibiti, ko karatun 'ya'ya mata, a buga da sunansa da na garinsu, Razdan ya gani, Sarki ya gani, wani kuma daga wani lardi ya ba shi amsa. Mutane suka koyi yin muhawara a fili a kan al'amuran da dā sai a raɗa. Masu riƙe da mulki kuma suka fara sanin cewa akwai idon da ke kallonsu ban da na Bature.

Na biyu, ta haɗa kan lardunan Arewa. Kafin wannan lokaci mutum Bakatsine ne, ko Bakano, ko Bazazzagi, ko Babarbare. Da suka daɗe suna karanta labarin juna a takarda ɗaya, da Hausa iri ɗaya, da ƙa'idar rubutu ɗaya, sai suka fara jin kansu 'yan Arewa. Ba abin mamaki ba ne da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, aka yi babban taronta a Kaduna a 1949 da Dokta R. A. B. Dikko a shugabanci, aka ga editan Gaskiya cikin waɗanda suka aza harsashinta. Ita ce ta rikiɗa ta zama jam'iyyar NPC a 1951.

Na uku, ta ƙera wa Hausa kalmomin zamani. Majalisa, zaɓe, wakili, tsarin mulki, ƙuri'a, mulkin kai, duk sai da aka yi ta juya su a shafukan jarida kafin su zauna a bakin jama'a. Wanda ya ba mutane kalmar da za su kira abu da ita, lalle ya riga ya ba su rabin ra'ayinsu a kansa.

Amma tarihi amana ne, ba a faɗin rabi a bar rabi. Jaridar nan ta gwamnatin Turawa ce, da kuɗinta aka kafa ta, akwai kuma Bature a bisa editan. A lokacin yaƙi aikinta ne ta ƙarfafa wa mutane zuciya a kan Ingila, ta kira su ga shiga soja da yawaita noman gyaɗa. Abin da hukuma ba ta so a ji, ba kullum yake samun shiga ba. Saboda haka samari masu zafin ra'ayi, irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, suka fi karkata ga jaridun Azikiwe, da aka kafa NEPU a Kano a 1950 kuwa magoya bayanta suka riƙa ɗaukar Gaskiya a kan bakin hukuma da sarakuna. Abubakar Imam ya zauna tsakanin wuta biyu: in ya tsananta Turawa da sarakuna su ƙi shi, in ya sassauta samari su zarge shi. Hanyar da ya zaɓa ita ce gyara a hankali, da nasiha, da misali, da ba'a mai ma'ana, ba tare da ya zubar da mutuncin kowa ba.

An ga wannan hali nasa a fili a 1943, sa'ad da aka gayyaci 'yan jaridun Afirka ta Yamma su takwas zuwa Ingila, shi kaɗai ne ɗan Arewa a cikinsu. Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa'adin ba da mulkin kai, abokan tafiya suka sa hannu, Abubakar Imam ya ƙi, domin yana ganin Arewa ba ta aiko shi da wannan ba, kuma tana baya ƙwarai wajen ilmin zamani. Waɗansu suka ga laifinsa a kan haka. Amma a wannan tafiya ɗin ce ya gana da Lugga, wanda ya ci ƙasar Arewa da yaƙi, ya bayyana masa illolin mulkin En'e ba tare da ɓoye-ɓoye ba: yadda ake danne talakawa, da yadda ba a sauraron samari masu ilmi. Da ya komo ya rubuta labarin tafiyar a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Aikin jarida ya yi ta bunƙasa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, a 1948 aka ƙara jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, kowane lardi ya sami 'yar jaridarsa: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya. Shi kuwa bayan shekara goma sha biyu a kujerar edita, ya bar ta a 1951, shekarar da aka zaɓe shi wakili a Majalisar Arewa da ta Ikko. Siyasa ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, ya kuma koma ga littattafai, ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle da waɗansu littattafan addini, domin ɗan alƙali bai manta da gidansu ba. Allah ya yi masa rasuwa a watan Yuni na 1981, daidai da 1401 ta Hijira, yana da shekara saba'in.

Tun yana raye rediyo ta karɓi rabin aikin jarida. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, har ya zamana manomi yana huɗa a gonarsa a Ɗanja ko Ƙafur, akwatin rediyo na rataye a reshen ɗorawa. Yau kuwa labari yana cikin aljihun kowa, a wayar hannu, ba edita, ba mai tacewa, ba wanda za a kama da laifi in ƙarya ce. Jita-jitar da a 1938 take bukatar watanni kafin ta zaga ƙasa, yanzu kafin a idar da sallar la'asar ta tashi kasuwa, ta karya farashin masara, ko ta haɗa unguwa biyu faɗa.

To, malamai sun san maganin wannan tun kafin a ƙera injin buga takarda. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Hujurati, ya yi umarni a binciki labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin jahilci a koma ana nadama. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun san wanda ya kawo ta, da wanda ya ji daga gare shi, da halinsa. Ɗan kasuwa ma ba ya sayen buhu sai ya soka masa bututu ya ga ƙwayar. Haka ya kamata a yi wa kowane labari, a tambayi mai shi, da wanda ke biyansa, da abin da zai samu in an gaskata. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo sai da masu hankali suka yi mata wannan tambaya, alhali kuwa editanta sananne ne, ɗan gidan malamai, mai tsoron a kama shi da ƙarya. Ina ga labarin da ba a san ubansa ba?

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa abin da ya rubuta na alheri a mizaninsa. Allah ya tsare harsunan Musulmi da alƙalumansu daga yaɗa abin da ba su tabbatar ba. Amin.