Victor Grignard

François Auguste Victor Grignard (an haife shi ranar 6 ga watan Mayu, 1871, ya rasu ranar 13 ga watan Disamba, 1935) masanin ilimin sinadarai ne ɗan ƙasar Faransa. Ya yi fice a fannin sinadaran da kabon ke haɗuwa da ƙarfe a cikinsu. Shi ne ya gano sinadaran maganiziyam da ake kira da sunansa har yau, kuma wannan aikin ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1912.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Grignard a garin Cherbourg da ke gaɓar teku a arewacin Faransa. Mahaifinsa mai ɗinka filafilan jiragen ruwa ne. Ya shiga makarantar horar da malamai ta Cluny, da aka rufe makarantar sai aka mayar da shi Jami'ar Lyon. Lissafi ya karanta da farko, amma ya faɗi jarrabawar digiri a zaman farko, ya tafi aikin soja a 1892. Bayan ya dawo ya sake zama, ya samu digirinsa a 1894. Daga nan ya kama aiki a sashen sinadarai na jami'ar, inda ya yi aiki da Louis Bouveault, sannan da Philippe Barbier.

Bincikensa

Tun a 1849 Edward Frankland na Ingila ya haɗa kabon da tutiya, sai dai sinadaran da ya samu suna kamawa da wuta da zarar iska ta taɓa su, don haka aiki da su akwai hatsari. A 1899 Barbier ya gwada maganiziyam a madadin tutiya, yana zuba dukkan kayan haɗin a lokaci guda. Sakamakon bai riƙa fitowa iri ɗaya ba, sai ya miƙa wa ɗalibinsa matsalar.

Grignard ya raba aikin gida biyu. Da farko ya sa maganiziyam cikin sinadarin eter wanda babu ɗigon ruwa a cikinsa, ya ƙara sinadari mai kabon da ayodin ko bromin. Maganiziyam ɗin ya shiga tsakanin kabon da ayodin, ya narke. Sai a mataki na biyu aka haɗa wannan narkakken sinadari da wani, aka samu sabon haɗi tsakanin kabon da kabon. Dole a kiyaye ruwa, domin yana lalata sinadarin nan take. Ya wallafa sakamakon a 1900, ya kammala digirin digirgir a kansa a 1901. Hanyar ta sauƙaƙa haɗa nau'o'in alkohol da asid, kuma har yanzu masana'antun magunguna suna amfani da ita.

Koyarwa da lambar Nobel

Ya koyar a Besançon a 1905, ya koma Lyon, sannan ya tafi Jami'ar Nancy a 1909, inda ya zama farfesa a 1910. A 1912 ya raba lambar Nobel da Paul Sabatier. Ba a sa Barbier a cikinta ba, kuma Grignard da kansa ya ga ba a yi wa malaminsa adalci ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Da yaƙi ya ɓarke a 1914 an kira shi soja da muƙamin kofur, duk da lambar da yake riƙe da ita. Daga baya aka mayar da shi binciken iskar gas mai guba. Ya yi aiki a kan sarrafa fosjin da kuma hanyar gano gas ɗin mastad mai ƙona fata. A 1917 ya ziyarci Amurka a kan wannan aiki.

Ƙarshen rayuwa

A 1919 ya gaji kujerar Barbier a Lyon. An zaɓe shi cikin Kwalejin Kimiyya ta Faransa a 1926, ya kuma zama shugaban tsangayar kimiyya a 1929. Ya fara shirya babban kundin ilimin sinadaran kabon da harshen Faransanci, amma bai ga kammaluwarsa ba. Ya rasu a Lyon yana da shekara 64. Wasu masana ne suka ƙarasa kundin, wanda ya kai juzu'i 23.